Aron Hanci

Ƙauri ne ya tashe ni daga kan keken ɗinki. Na duba madafina, ba komai a wuta. Da na leƙa ta katangar da ta raba mu da gidan Baba Mai Tafki, sai ga hayaƙi yana tashi daga tukunyar da ke kan risho, shi kuma yana zaune a benci dab da ita, ya ba ta baya, yana liƙe takalminsa na roba yana 'yar waƙarsa.

"Baba! Baba, tukunya!"

Ya juyo a firgice. Kafin in zagayo ta ƙofa har ya sauke ta, yana yarfe yatsu. Waken ya zama gawayi.

"Iya ta tafi asibiti awon jini, ta ce in duba mata," ya ce yana dariyar yaƙe, yana nufin matarsa. "Ga shi na duba."

"Baba, ƙaurin nan ya cika layi. Kana nufin ba ka ji ba?"

Ya ɗauki tukunyar, ya cusa hancinsa a ciki, ya ja numfashi mai tsawo. Ya sake ja. Sannan ya ajiye ta a hankali, ya nuna mini gefen benci.

"Tela, zauna."

A nan gabana ya faɗi, domin duk layinmu mun san abin da hancin Baba yake nufi.

Garinmu ƙarami ne, amma an shimfiɗa mana bututan ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa, har muna ji da kanmu. Duk abin da aka kora a banɗaki ko aka zubar a wurin wanke-wanke, bututu ke kwasarsa ya gangaro da shi bayan layinmu, don mu ne a gangare. A can akwai wata rijiyar siminti mai zurfi inda komai ke taruwa, da injin famfo a gindinta wanda ke tura ruwan zuwa tafkuna. Tafkin farko baƙi ne wuluk, ba mai son tsayawa kusa da shi. Na biye da shi kore ne. Na ƙarshe kuwa har agwagi ke iyo a ciki, daga nan ruwan ke sulalewa rafi inda shanu ke sha. Baba ne ke kula da wannan duka. Da can su biyu ne, abokin aikinsa ya yi ritaya, ba a kawo wani ba.

Injin yakan shaƙe da tsummoki da ledoji, sai an sauka rijiyar an cire su da hannu. Can ƙasa kuma akwai iska mai guba. Da akwai wata 'yar na'ura kamar rediyo da ke kuka idan gubar ta yi yawa, amma ta lalace, an kai ta gyara birni, shiru kake ji. Tun daga lokacin Baba ya koma dogaro da hancinsa. Ya sha faɗa mana a ƙofar gida, har yara sun haddace: muddin kana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, da sauranka. Idan gubar ta yi ƙarfi, hanci take fara kashewa, sai ka ji iska ta yi daɗi kamar ba a rijiya kake ba. To a lokacin sai ka kama tsani, ko sifana kar ka tsaya ɗauka.

"Tun murar nan da ta kwantar da ni," ya ce, yana kallon tukunyar. "Murar ta tafi, ta tafi da hancina. Ko sabulu ba na ji. Ko kananzir."

"To ka daina sauka mana, Baba."

"In na daina, ran da injin ya shaƙe, a tsakar gidanki abin zai fara ɓullowa kafin ya wuce rafi."

"Ka faɗa wa ofis."

"Na faɗa. Sun ce na'ura tana hanya, mutum ma yana hanya."

"Iya ta sani?"

"Iya hawan jini gare ta. Bar ta." Ya gyara zama. "Saurara. Mijinki Kafinta zai riƙe mini igiya yadda ya saba, kuma zai ara mini hanci. Ya kwanta a bakin rijiyar ya riƙa faɗa mini abin da yake ji. Ke kuma aikinki daban."

"Ni? Ni da ko hanyar tafkin nan ba na son bi?"

"Kafinta zuciyarsa ta yi taushi da yawa. Ko ɗan akuya ne ya faɗa rami sai ya bi shi. In wani abu ya same ni a ƙasa, saukowa zai yi. Iskar nan kuwa ba ta ɗaukar mutum ɗaya, Tela. Na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi don ya ɗauko shi, na uku ya bi na biyu. Ina saurayi na ga an fito da su an jera a ƙasa, har da wa da ƙani." Ya kalle ni. "Ke kuwa duk layin nan an san ki da taurin kai. Iya ma shakkarki take. Ki riƙe shi. Ko zai zage ki, ko zai doke ki, kar ki sake shi."

"Baba, wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

"Ki ce kin yi alkawari."

Na yi. Bakina ne kawai ya faɗa, na tashi na koma gida.

Da na gaya wa maigidana zancen aron hanci, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ban gaya masa sauran ba.

"Kin gani ko? Hancin nan nawa da kike cewa ya cika fuska, ga shi ya samu aikin hukuma."

"Baban yara, ba abin dariya ba ne."

"Haba, Baba ya daɗe yana shiga rijiyar nan tun kafin ki koyi zare allura. Kwantar da hankalinki."

Hankalina bai kwanta ba. Daga ranar, duk abin da nake yi kunnena yana bayan layi. Injin yana da wani gurnani da muka saba da shi har ba ma jinsa, ni kuwa sai na koma jinsa fiye da ƙarar kekena. In ya ɗan yi shiru sai ƙafata ta tsaya a kan feda, in zauna ina jira ya dawo.

Saukar farko da na halarta lafiya aka yi ta. Baba ya kunna fanka ta hura iska a ciki, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya bi tsanin ƙarfe ya ɓace a duhu. Maigidana ya kwanta rub da ciki, kansa a bakin ramin, igiya a hannunsa. Daga ƙasa muna jin Baba yana waƙarsa, waƙar da ba ta da kai ba ta da gindi, don dai mu san yana nan.

"Yaya, Kafinta?"

"Da wari, Baba! Kamar zai tsinka mini hanji!"

"Madalla!"

Ni kuma ina tsaye a kansa, hannuna kusa da bel ɗinsa, ina yi kamar kallo na zo. Bokiti ya riƙa fitowa cike da tsummoki da gashi da ƙunzugun jarirai. Har na gane wani ƙyalle mai ɗigo-ɗigo, ni na ɗinka wa matar mai shago shi. Da na faɗa, Baba ya kwashe da dariya daga ƙasa, ya ce in gaishe ta.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Can cikin aikin na ga igiyar ta saki, ta yi laƙwas a hannun maigidana, sai bayan wani lokaci ta sake miƙewa. Da Baba ya fito na tare shi.

"Kwance igiyar ka yi?"

"A bayan babban bututu take maƙalewa. Sai na ɗan kwance ta nake iya miƙa hannu."

"Ka sa ni alkawari, kai ma sai ka yi mini. Kar ka ƙara."

"To, uwata. Na ji." Ya juya ga maigidana. "Kafinta, yaya kake zama da wannan?"

Aka sake sauka bayan wannan, kuma aka fito lafiya. Har na fara jin kunyar tsorona.

Sai zafi ya shigo, wuta ta ɗauke kwana da kwanaki. Injin ya yi shiru, ƙazantar gari duka ta taru a rijiyar tana dahuwa a rana. Da wutar ta dawo wata safiya, na ji injin ya yi gurnani, ya yi tari, ya mutu. Kafin hantsi magudanar banɗakinmu ta fara ƙugi, baƙin ruwa ya ɓullo a tsakar gida yana bin gindin bango. Yara suka hau kan tebur suna ihu. Maƙwabta suka cika ƙofar Baba, kowa da tasa.

"Baba, ɗakina ya cika!"

"Baba, jaririya gare ni a ciki!"

"Ai aikinka ne, me ake jira?"

Na gan shi ya fito da takalminsa na roba a hannu. Ya ba su haƙuri, ya ce yanzu za a gyara. Iya tana bakin ƙofa tana kallonsa. Ya ɗaga murya ta kan katanga.

"Kafinta, kawo hancin nan. Tela, ke ma zo."

Rana ta take, ko ganye ba ya motsi. Tun daga nesa warin ya tarye mu, irin wanda ban taɓa ji ba, har idanuna suka fara yaji. Da Baba ya ɗaga murfin, sai da muka ja baya. Ya kunna fanka ya bar ta ta daɗe tana hurawa, fiye da kullum. Ya zauna a kan bulo yana ɗaura igiya, na ga yatsunsa ba su da sauri kamar da.

"Baba, a bari sai gobe," na ce.

"Gobe yana cikin rafi. Gobe yana cikin ɗakin jaririyar can." Ya miƙe. "Yaya, Kafinta?"

"Da wari, Baba. Yau kam har da ƙari."

"To madalla."

Ya sa ƙafa a tsani. Lokacin da kansa ya zo daidai bakin ramin, sai ya ɗago ya kalle ni, kallo ɗaya, sannan ya sauka.

Waƙar ta fara. Bokitin farko ya fito, na biyu ya fito. Muka ji yana dama wani abu a ƙasa, ruwa yana ɓulɓul kamar tukunya a wuta. Maigidana yana ta cewa da wari, da wari, yana tari, hawaye na zuba a idonsa. Sai na ga igiyar ta saki.

"Baba, igiya!" na yi ihu. "Ka yi mini alkawari!"

"Yanzu, uwata. Saura wani ƙulli ɗaya."

Ya ci gaba da waƙa. Ni kuma sai na ji wani sauƙi ya zo mini, ƙirjina ya buɗe, na ja numfashi ba tare da na toshe hanci ba. Har na fara cewa a raina iska ta juya. Sannan na gane. Ina tsaye a bakin rijiyar ƙazantar gari guda, kuma ba na jin warin komai.

Maigidana ya ɗago kai ya kalle ni, fuskarsa ta canza.

"Ya ɗauke," ya ce a hankali. Sannan ya kwarma ihu cikin ramin. "Baba! Ya ɗauke! Warin ya ɗauke! Fito!"

Waƙar ta tsaya. Muka ji ƙarar takalmi a kan ƙarfen tsani, sau ɗaya, sau biyu. Sai wani abu mai nauyi ya faɗa ruwa.

Maigidana ya fizgi igiyar da dukkan ƙarfinsa, har ya faɗi ta baya. Ta fito ba nauyi, bakinta a jiƙe, ba kowa a jikinta.

"Baba! Baba!"

Shiru, sai ƙarar fanka.

Ban ga lokacin da ya tashi ba. Na dai ga ƙafarsa ɗaya a kan tsani. Na cafki bel ɗinsa da hannu biyu, na saki jikina na faɗi baya da shi. Muka zube a ƙasa tare.

"Sake ni!"

"Ba zan sake ka ba!"

"Kin haukace ne? Mutum yana mutuwa! Sake ni na ce!"

Ya tashi da ni a jikinsa, yana jana a ƙasa zuwa ramin. Gwiwoyina suka kurje a siminti. Bel ɗin ya kuɓuce, na kama rigarsa, ta yage tun daga wuya har ƙugu, na rungume ƙafafunsa na harɗe su da nawa. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini hannu ba ya riƙa dukan kafaɗata yana kuka.

"Ga shi can ina ganinsa! Numfashi ɗaya zan riƙe in ɗauko shi!"

"Shi ya ce in riƙe ka! Shi ya ce! Ka tuna yaranka!"

Kaina yana juyawa, bakina ya yi ɗaci, na ji kamar ƙasa tana karkata zuwa ramin. Tsoro irin na ranar ban taɓa saninsa ba. Ina tsoron in sume hannuna ya saki, ina kuma tsoron shirun da ke fitowa daga ƙasa, don na san da kowane numfashi da nake ja Baba yana ƙara nisa. Na riƙa mirginawa da shi nesa da bakin rijiyar, ina ihu da duk muryar da Allah ya ba ni.

Mutane suka sheƙo a guje. Mai shago ne a gaba, yana cire riga yana nufar tsani.

"Kar wanda ya sauka!" na ce. "Guba ce! Duk wanda ya shiga ba zai fito ba! Ku kira 'yan kwana-kwana!"

Ban san abin da suka gani a fuskata ba, amma suka tsaya. Maza suka danne maigidana. Wani ya zura ƙugiya a igiya yana lalube daga nesa, bai kamo komai ba. Aka yi waya birni. Muka zauna a rana muna kallon wani rami mai murabba'i.

Sai bayan azahar motar ta iso. Mutum biyu suka goya tukwanen iska, suka rufe fuska, suka sauka. Da suka fito da shi, takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, hannunsa kuma yana damƙe da wani ƙullin tsumma. Babbansu ya tambayi ko akwai wanda ya bi shi ciki. Da aka ce babu, ya gyaɗa kai kawai, ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

Aka yi wa Baba sutura, aka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa. Gari ya cika gidan da gaisuwa, har waɗanda suka tsaya masa a ƙofa da safen nan. Ni kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma na kasa shiga. Ina jin muryar Iya tana amsa gaisuwa, sai in koma ɗaki in rufe ƙofa. Maigidana ya daina yi mini magana. Yakan ci abinci ya tashi, ya tafi shagonsa ya zauna, ba na jin ƙarar zarto.

Da mutane suka ragu na daure na shiga. Iya tana zaune a kan bencin nan, takalmin roba ɗaya a jingine da bango kusa da ita. Na durƙusa na yi mata gaisuwa.

"An ce ke kika riƙe Kafinta."

"Ni ce, Iya."

Ta kalli gwiwoyina da suka yi ɓawo. Na jira duk abin da za ta faɗa, na riga na shirya ɗaukarsa.

"Yana tsammanin ban sani ba," ta ce. "Mutumin da in na yanka albasa a madafi, tun daga bakin layi zai faɗa. Na canza sabulu, bai tanka ba. Na canza man shafawa, bai tanka ba. Ba ya so in sani, sai na ƙyale shi." Ta share ido da gefen zane. "Ya yi magana a ƙasan?"

"Waƙa yake yi, Iya."

"Wannan waƙar tasa marar daɗi." Ta ɗan yi murmushi, ya ɓace nan take. "Tashi ki je gida. Naki yana da rai, je ki ba shi abinci."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce na yi laifi ba. Na tashi na fito.

Ofis ya aiko da sababbin ma'aikata biyu, da na'urar a rataye a wuyan ɗayansu. Injin ya koma gurnaninsa, agwagi suna nan a tafkin ƙarshe.

Wata rana da la'asar ina kan keke, maigidana ya shigo ya tsaya a kaina. Ya daɗe a tsaye.

"Da kin sake ni," ya ce, "wataƙila da na kamo shi."

"Da na sake ka, da yanzu ni da Iya muna zaune a tabarma ɗaya ana yi mana gaisuwa."

Ya ajiye wani abu a kan keken, ya fita. Rigar nan ce, an wanke ta, a yage tun daga wuya har ƙugu. Jim kaɗan na ji zarto ya fara aiki a shago.

Na haɗa bakin yagewar, na sa ta ƙarƙashin allura. Iska ta taso daga bayan layi, ta ɗaga labule, ta shigo da warin tafkin farko. Da can tashi nake in rufe taga. Na bar ta a buɗe, na ja shi har cikin ƙirjina, na taka feda.